Tambaya da Amsa: Na'urar lura da iskar taya a tirela

Assalamu alaikum. Ina da tireloli uku da ke ɗaukar hatsi daga Dawanau zuwa Legas. An tallata mini wata na'ura da ke nuna wa direba iskar kowace taya yana zaune a kujerarsa. Yarana kuwa sun saba buga taya da ƙarfe su saurari ƙararta. Shin na'urar ta cancanci kuɗinta?
*Wani Alhaji daga Dawanau*

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ta cancanta, musamman a tayoyin bodi. Kan mota mai taya 10 da bodi mai aksul uku sun haɗa taya 22, kuma mafi yawansu biyu-biyu suke a manne. In ƙusa ta huda ta ciki, ta waje ce ke ɗauke nauyin, don haka ido ba ya ganin komai, direba ma ba ya jin komai a sitiyari. Mai ƙarancin iskar tana ta lanƙwashewa tana zafi har wayoyin cikinta su gaji, ta wajen kuma tana ɗauke da lodin taya biyu. Sau da yawa duka biyun ake rasawa, wani lokaci har da tiyon birki da ɓaraguzan suka tsinka. Buga ƙarfe yana tona tayar da ta sace gaba ɗaya, amma kunne ba ya bambance psi 120 da psi 100 (psi shi ne ma'aunin ƙarfin iskar taya), kuma a wannan tsakanin ɓarnar take farawa.

Na'urar, wadda ake kira TPMS, ƙananan sensa ne da ke auna iska da zafi, suna aika wa wani allo a gaban direba ta siginar rediyo. Aunon zafin yana da wani amfani na daban: in birki ya kama ko boris ya fara ci, zafin yakan kai ga rim, allon ya yi ƙara tun wuta ba ta tashi ba. Tarayyar Turai ta wajabta ta a kan sababbin manyan motoci da tireloli tun Yulin 2024.

Sai dai ba za ta hana fashewar da rami ko ƙarfe a hanya ya jawo nan take ba, kuma ba ta gyara lodin da ya wuce ƙima. In direba zai kashe ƙarar ya ci gaba da tafiya, Alhaji, an yi asarar kuɗin.

Wace iri zan saya, kuma yaya ake ɗaura ta?
*Wani makaniki daga Sharaɗa*

Malam, iri biyu ne. Akwai na waje da ake murɗawa a bakin bawul a madadin murfi, akwai na ciki da ake ɗaurewa a jikin rim. Na waje sun fi sauƙi, ana canza musu ƙaramin batir, galibi CR1632, bayan shekara ɗaya zuwa biyu, amma ana iya sace su, kuma ruwa da laka na samunsu. Na ciki sun fi daɗewa, sun fi faɗin zafi daidai, sai dai dole a sauke taya kafin a saka, kuma mai faci zai iya fasa su da ƙarfensa in ba a gaya masa suna nan ba. Tayar da ke da tub, irin 12.00R20, ta waje kawai za ta karɓa.

Kafin ka biya kuɗi ka duba cewa sensan yana auna sama da psi 150, domin na ƙananan motoci ba sa kaiwa nan. Allon ya ɗauki adadin tayoyinka duka, kuma ya yi aiki da wutar 24V. Bodi mai tsawo yana buƙatar na'urar ƙara sigina, a ɗaura ta a shasi kusa da aksul na baya, a ba ta wuta ta fis. Rashinta ne ke sa tayoyin baya su riƙa ɓacewa daga allo.

Wajen ɗaurawa, bawul ya zama na ƙarfe, don na roba yana tsagewa saboda nauyin sensa. Tayar ciki tana son ƙarin bawul da aka tallafe shi da maƙali, kada ya yi ta lilo. Ka cika kowace taya da sassafe da geji mai kyau, ka rubuta lamba a kan kowane sensa, ka shigar da su ɗaya bayan ɗaya gwargwadon mazauninsu. Ka ɗaure ƙaramin noti na kulle, sannan ka zuba ruwan sabulu a bakin kowanne. Kumfa na nufin robar ciki ba ta zauna ba, sensan da kansa zai sace maka iska. In ana musayar bodi tsakanin motoci, a sayi allon da ke iya sauke bodi ɗaya ya karɓi wani.

An saka mini ita, amma da rana tsaka tana ta ƙarar iska ta yi yawa. In rage ne?
*Direba, hanyar Kano zuwa Maiduguri*

Kada ka rage, ɗan'uwa. Iska tana kumbura da zafi. Tayar da aka cika psi 120 da safe zafinta na maki 25 a ma'aunin Celsius, in zafin ya kai maki 55 za ta nuna kusan 134, kuma an ƙera ta don ta jure hakan. In ka sace iskar a lokacin, washegari da asuba za ka tarar ta gaza, ta ƙara zafi fiye da jiya. Matsalar a saitin allon take: a sa ƙarar sama a wajen kashi 20 zuwa 25 cikin 100 bisa iskar safe, ta ƙasa kuma a kashi 10 ƙasa da ita. Da hunturu, a Disamba da Janairu, lambar asuba takan sauka kaɗan, sai a sake daidaitawa da geji.

Abin lura shi ne taya ɗaya da ta fita daban da 'yan'uwanta a aksul guda, ko iskarta na sauka, ko zafinta na hawa. Nan ka nemi wuri ka tsaya. In ta yi tafiya da ƙasa da kashi 80 cikin 100 na iskarta, kada a cika ta a jikin mota. A sauke ta a duba cikinta, domin gefenta na iya yagewa yayin cikawa, kuma kowa ya kauce daga gabanta har a gama.