Tambayoyin Masu Karatu: Famfon da ke yanke aiki da azahar

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aikin lantarki a wata masana'antar ruwan roba a Jidda. An kawo mana famfo daga Turai, motonsa kilowat 15, aka haɗa shi da inbata mai sarrafa gudu. Da safe lafiya lau, amma da azahar ta yi sai inbatar ta yanke, wani lokaci ta nuna lodi ya yi yawa, wani lokaci zafi. Lambar cikar tanki a allo kuma sai ta dinga tsalle duk sanda famfon ya tashi. Maigidanmu na son a sayo sabuwar PLC, wato kwamfutar da ke sarrafa injinan. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka roƙi maigida ya dakata tukuna, alamun nan ba na PLC ba ne.

Fara da farantin bayanai da ke manne a jikin moton. Kayan Turai galibi na 50 Hz ne, wutar Saudiyya kuwa 60 Hz (Hz ma'aunin saurin juyawar wuta ne, shi ke tsara gudun moto). Masu haɗawa da yawa sukan saita inbata a 60 don sun saba. Gudun famfon zai ƙaru da kashi 20 cikin ɗari, amma ƙarfin da irin famfon nan mai fiffike ke ja ba haka yake ƙaruwa ba, yakan haura da kusan kashi 73. Wato moton kilowat 15 ana ɗora masa kayan kilowat 26. Ka duba amfiyar da inbatar ke nunawa, ka gwada da ta farantin. In ta zarce, mayar da iyakar gudu 50 Hz, ka shigar da bayanan farantin daidai.

Batun azahar kuwa zafi ne. Inbatoci da yawa ba sa ba da cikakken ƙarfinsu in iskar akwatin ta wuce digiri 40. Sa ma'aunin zafi a ciki, ka rufe ƙofa, ka karanta da ƙarfe biyu. Duba fankar akwatin da matatarta, sau da yawa za ka tarar ƙura ta dankare kamar bargo. Don Allah kar ka kai hannu da zarar ka kashe wuta: a layin bolt 400, kafasitocin cikin inbatar, masu adana wuta, na riƙe da kusan bolt 560. Jira minti goma, ka auna da mita, sannan ka hure da busasshiyar iska.

Tsallen lamba ya fi buƙatar haƙuri. Na'urar auna ruwan tana aika 4 zuwa 20 mA (miliamfiya): 4 tanki ba ruwa, 20 ya cika, rabin tanki 12 mA ke nan. Cire waya ɗaya, ka jera mitarka a tsakani. In karatun na tsaye cak famfo na kashe, ya fara rawa da ya tashi, hayaniyar inbata ce ke shiga wayar. Raba ta da wayar moto da kamar santimita 30, in dole su haɗu su gitta juna, kar su jera. Yi amfani da waya mai sulke, ka haɗa sulken da ƙasa ta ɓangaren akwati. In karatun ya faɗi ƙasa da 3.6 mA, waya ta tsinke ko na'urar ta mutu. Ka leƙa bakin kusoshin ma, danshin teku na Jidda yakan bar musu koren tsatsa. Kankare, ka ɗaure, ka sake aunawa famfo na aiki.