Ga 'yar'uwar da maigidanta ya tafi Duwala ya yi shiru

Ƙanwata, kin ce shekara biyu ke nan da tafiyarsa neman kuɗi, ba aike ba waya, kina tambaya ko ƙaunar Allah marar ƙarewa tana nufin ki zauna shiru har abada. Wannan ciwon ba baƙona ba ne, shi ya sa na kasa wucewa.

Masu ce miki ƙauna takan jure kome sun karanta 1 Korintiyawa 13, amma sun tsallake 1 Timoti 5:8, inda Bulus ya ce wanda bai kula da iyalinsa ba ya yi musun bangaskiya. Kuma galibi dangin miji ne ke wannan wa'azin. Su zo gaisuwa hannu rabbana, su sha kunun da kika dama da kuɗin ƙosanki, su ga yaran da aka koro daga makaranta, sannan su ce mace ta gari ba ta tona asirin mijinta. Ranar da mai gidan haya ya tsaya a ƙofa kuwa, ko ɗaya ba za ki gani ba. Suna da lambarsa fa, kar su ruɗe ki.

Ki karanta Yusha'u sura 3. Annabin bai zauna jira ba, ya tashi ya fanso matarsa da ta bi wani namiji da azurfa goma sha biyar da sha'ir, sannan ya kafa mata sharaɗi. Afisawa 5:25 kuma kan miji ta ɗora nauyin ba da rai.

Ki bi Matiyu 18:15-17 yadda aka jera. Ki fara magana da shi ke kaɗai, ki faɗi abin da kike nema daki-daki: kuɗin haya, kuɗin makaranta, da ranar da zai zo. Kar ki cika masa WhatsApp da saƙon kuka, toshe ki zai yi. In ya ƙi, ki nemi mutum ɗaya ko biyu da yake jin kunyarsu, shaidun aurenku sun fi. Daga nan sai fasto da dattawa, su tuntuɓi ikilisiya a Duwala a neme shi. Inda mata da yawa ke kuskure shi ne su fara kai zancen zumuntar mata da sunan roƙon addu'a. Kafin Lahadi zancen ya zagaya garin Garwa, shi kuma namiji in ya ji an kunyata shi sai ya ƙara nisa.

Af, an ɗaura aurenku a ofishin magajin gari, ko a coci kaɗai? A Kamaru na ofishin ne doka ta sani. Ki duba takardar ko mace ɗaya ya zaɓa ko fiye, ki adana ta tare da takardun haihuwar yara a wurin wani naki, don kotu za ta tambaye su in maganar ciyar da yara ta kai can.