Kawu, ga amsar tambayarka kan Mar Jiryis

Kawu, ina gaisuwa. Na ga saƙonka kan hoton Inna a cocin ƙauyen Al-Khadar, kusa da Baitalami, har kana tambaya ko mu Hausawan Ƙudus mun narke ne. Maganar ta sosa mini rai.

Waliyyin da cocin yake da sunansa, Kiristoci na ce masa Mar Jiryis. Sojan Rumawa ne, mahaifiyarsa mutuniyar Lidda, inda kabarinsa yake har yau, coci da masallaci bango ɗaya. A wajen shekara ta 303 Sarki Diyokletiyan ya sa aka sare kansa don ya ƙi barin addininsa. Mutanen ƙasar nan, Musulminsu da Kiristansu, sun daɗe suna haɗa shi da Halliru, wato Al-Khadir, abin da ya sa ƙauyen ma ya ci sunan. Malamanmu ba su yarda da haɗin ba, ni ma ban yarda ba. Amma a ranakun 5 da 6 ga Mayu za ka ga kowa a can, wani da rago na bakance, wani da kwalbar man zaitun. Akwai wata tsohuwar sarƙar ƙarfe da ake ratayawa a wuya don neman sauƙi, da can ma masu taɓin hankali ake ɗaurewa da ita.

Inna maƙwabciyarta ta raka, wadda ta kwana uku a kanta lokacin da ta haife ni. Daga can ta dawo ta yi la'asar a Al-Aƙsa, don gidanmu yana bakin ƙofarsa ne, a ribaɗin, wato tsohon masaukin masu ziyara, da Turkawa suka taɓa mayarwa kurkuku.

Kakanmu, Allah ya jiƙansa, da ƙafa ya bar ƙasar Kano ya yi hajji, ya zo Ƙudus zamanin Ingila na mulki, ya zauna. Bafalasɗiniya ya aura. To wa zai aura, Kawu? Maza ne suka zo, ba mata tare da su. Ku kuna ce mana Larabawa, a nan kuma akwai masu kiranmu bayi har gobe, wasu su hana mu 'ya'yansu.

Ina yaro Kakanmu ya taɓa tsayawa da ni gaban wani gida, ya nuna mini dutsen da aka sassaƙa bisa ƙofa: mahayin doki yana soke dodo da mashi. Ya yi murmushi ya ce, “Ka ga Bayajidan mutanen nan.” Nan ya ba ni labarin macijin rijiyar Kusugu a Daura, da Hausa tsantsa, yana gyara mini baki duk inda na karkata. Gaskiya ne 'ya'yana gaisuwa kawai suka iya, wannan kam yana damuna.

In an samu mai zuwa, don Allah a haɗo mana kuka da daddawa, na Inna sun ƙare tun azumi.