Duba baƙin ido ba gwajin ƙoda ba ne

'Yar'uwa, kin tambaya ko za ki yarda da mai maganin da ya haska idon mahaifiyarki da na'ura a Tudun Wada, ya ce ƙodarta ta lalace. A'a, kada ki yarda. Zanen da ke cikin baƙin ido kusan ba ya canzawa tun daga yarinta har tsufa, shi ya sa ma ake tantance mutane da shi kamar zanen yatsa. Abin da ba ya canzawa, ta yaya zai nuna ciwon da ya shigo bara? A 1979 an gwada masu wannan sana'a a Amurka da hotunan idon mutum 143, suka kasa ware masu ciwon ƙoda daga masu lafiya.

Ido kam yana nuna wasu cututtuka. Farinsa kan yi ɗorawa in shawara ta kama mutum, kuma likitocin Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke nan Kaduna kan leƙa can bayan ido su ga ɓarnar ciwon suga ko hawan jini. Wannan daban ne. Yayata ta sha wata uku tana sayen garin magani kan irin wannan magana, alhali suga ne ke cinta, abin har yau yana min ciwo. Ki kai Mama asibiti a auna jini da fitsari, kuma kada ta ajiye maganin da likita ya ba ta.