Ranar musayar tufafi a Nima: in je, ko in wuce Kantamanto?

Tambaya: Anti, ƙungiyarmu ta mata a unguwar Nima da ke Accra ta sa ranar musayar kaya a harabar Islamiyya. Kowacce za ta kawo tufafin da ta daina sawa, a ba ta kati daidai yawan abin da ta kawo, ta zaɓi na wasu. Ina da ɗinkin atamfa uku da suka matse ni tun haihuwata ta biyu. Amma ina jin kunyar a gan ni da kayan maƙwabciya. Ba gara in nemi kuɗi in tafi kasuwar gwanjo ta Kantamanto ba?

Amsa: Ƙanwata, na gane inda gizo ke saƙar. Gwanjon Kantamanto ba shi da dangi. A dila yake sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema, daga Ingila ko Kanada ko Sin, babu mai nuna ki a gidan suna ta ce ga rigar wance. Mutanen nan ma obroni wawu suke ce masa, wato kayan Baturen da ya mutu, matacce kuwa ba ya zuwa biki. Hajiyar layinku fa tana zuwa, a gaba ma take zama.

Duk da haka ni dai na ce ki je musayar. Kantamanto sai kin biya trotro, wato motar haya, sai kin yi sammako ranar da ake yanka dila, in ba haka ba masu zaɓin farko sun kwashe na kirki. Ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta cewa tufafi kusan miliyan 15 ke shigowa duk mako, kuma wajen kashi 40 cikin 100 a bola suke ƙarewa. Dillalan gwanjo suna musun wannan adadi, amma wanda ya bi ta bakin tafkin Korle wajen unguwar Old Fadama ya ga tsummokara da idonsa. Sannan me za ki samo? Wandon jins da rigunan sanyi. Ɗinkinmu mai zane da ɗankwali sai a akwatin 'yar'uwarki.

Maganar kunya kuma tela ke kashe ta. Ki zaɓi mai yalwar yadi, ki kai a sauya wuya da hannu, ko a fitar wa yarinyarki doguwar riga daga zanen. Atamfa ai ba mutum ɗaya aka buga wa ba. In har yanzu zuciyarki ba ta kwanta ba, ki ba shugabarku shawara ku haɗa da matan unguwar Madina ko Sabon Zango, kayan su cakuɗe.

Kafin ki miƙa katinki, ki ɗaga rigar ta fuskanci rana, nan ake ganin inda yadi ya sirance. Ki juya cikinta ki duba hammata, ki ja zif sau biyu. A gida a wanke da ruwan zafi, a shanya a rana, a goge har cikin ɗinki, don nan kwarkwata da kuɗin cizo ke ɓuya. Kamfai da rigar mama kada su shiga jakarki. Ko na ƙetare, Ghana ta haramta shigo da gwanjonsu tun 1994, aka tsananta dokar a 2011.

Tambaya: Anti, surukata ta hana ni kai kayana, wai za a iya yi mini sammu da su. Daga Maamobi nake.

Amsa: 'Yata, kada ki ja da Hajiya a kan riga. Ki bar naki a akwati, ki nemi izininta ki kai mayafan da aka ba ki ba ki taɓa yafawa ba. Na san akwai su, kowace amarya tana da irinsu. In ta yarda, ki tambaye ta launin da take so, ki zaɓo mata ɗaya a can.