Malam, wai me ya sa ake ɓata lokaci kan aljabrar da ba ta bin doka?

Tambaya: Salam Malam, dan Allah ina da tambaya. An koya mana cewa (ab)c daidai yake da a(bc), duk inda ka sa baka amsa ɗaya ce, sai gashi yanzu wai akwai aljabrar da hakan ba ya aiki kuma har bincike ake yi a kanta. Ni dai gani nake wannan lalataccen lissafi ne kawai. Daga wata ɗaliba.

Amsa: Wa'alaikissalam ƙanwata. Ai kin daɗe da sanin irinsa, gwada ɗebewa mana, (10-5)-2 zai ba ki 3 amma 10-(5-2) zai ba ki 7, kuma ba wanda ya taɓa cewa ɗebewa ta lalace.

A 1843 ne masanin lissafi Hamilton ya gano kwataniyon a Dublin, lambobi masu ɓangare 4, inda ab da ba ke iya bambanta. Kafin shekarar ta ƙare abokinsa John Graves ya zo da masu ɓangare 8, oktoniyon, sai dai Cayley ya riga shi bugawa a 1845 shi ya sa sunan Cayley ya fi yawo, bawan Allah Graves. To a oktoniyon ɗin ne dokar baka ta faɗi. Hurwitz kuma ya tabbatar a 1898 cewa in kina son ninkawa da rabawa kuma tsawon ab ya zama tsawon a sau tsawon b, to lambobi masu ɓangare 1, 2, 4 da 8 ne kawai, babu na biyar.

Inda abin yake da daɗi shi ne simetiri, wato hanyoyin da za ki jujjuya lambobin amma jadawalin ninkawa bai canza ba. A kwataniyon, ban da ɓangaren lambar da muka saba, akwai i, j, k. Ki zaɓi sabon i a kan ƙwallo, lamba 2 ke nuna wuri a kan ƙwallo, sannan j dole ya tsaya miƙe a kan i, wato kusurwar digiri 90 tsakaninsu, don haka da'ira ce ta rage masa, lamba 1, shi kuwa k ba ki da ta cewa tunda ij ne. Jimla 3, daidai da juyin abu a sarari.

Yanzu oktoniyon, in kin cire ɓangaren lambar da muka saba, sassa 7 ne suka rage irin su i, j, k, kuma 'yanci shi ne yawan lambobin da ke nuna zaɓinki. Na farko 'yanci 6, na biyu 5, ninkinsu ya fito da kansa, amma fa ba su cika gidan ba sai kin sake zaɓar na uku wanda ke miƙe a kan waɗancan ukun, 'yanci 3. Ki haɗa, 6 da 5 da 3, 14 kenan. Wannan rukunin simetiri mai ɓangare 14 shi ake kira G2. Killing ya ci karo da shi tun wajen 1887 yana jera aljabrun Lie, wato aljabrun da ke bayyana irin wannan simetiri, abu kamar bare a dangi, sai a 1914 Élie Cartan ya nuna ashe simetirin oktoniyon ne. Wallahi duk sanda na yi wannan ƙirgen sai na yi murmushi.

Kuma bai tsaya nan ba, a 1934 Jordan da von Neumann da Wigner suna neman lissafin kwantum, wato kimiyyar ƙananan ƙwayoyin zarra, suka samo wata aljabra mai ɓangare 27 da aka gina da oktoniyon, Chevalley da Schafer suka nuna a 1950 cewa simetirinta wani rukuni ne da ake kira F4, mai ɓangare 52.

Oktoniyon ma ba ta yar da dokar gaba ɗaya ba, in lambobi biyu kacal kike wasa da su sa bakanki inda kika ga dama, (aa)b da a(ab) duk ɗaya ne. Sai na uku ya shigo rigima ke tashi.