Ɗan takarar da ya sauya baki a kan 'yan gudun hijira

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Marwa nake rubutowa. Akwai wani ɗan siyasa a yankinmu, lokacin yana kansila shi ne kan gaba wajen cewa a karɓi 'yan'uwanmu da rikicin Boko Haram ya koro daga Najeriya. Yanzu da yake neman kujerar majalisa a Yawunde, sai ga shi yana cewa baƙi sun cinye gonaki da itace, a mayar da su. Wannan munafunci ne? Ya halatta in sake ba shi ƙuri'ata?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, sauya ra'ayi a kansa ba aibi ba ne. Sayyidina Umar ya rubuta wa alƙalinsa Abu Musal Ash'ari cewa kada hukuncin da ya yanke jiya ya hana shi komawa ga gaskiya idan ta bayyana masa. Imam Shafi'i ma ya bar wasu fatawoyinsa na Iraƙi bayan ya koma Masar. Su hujja ce ta juya su. Abin da za ka bincika a nan shi ne me ya juya mutuminku: hujja ko kujera?

Ba a Kamaru kaɗai ake ganin haka ba. A Amurka, Marco Rubio yana cikin sanatoci takwas da suka tsara ƙudurin ba baƙin haure hanyar zama 'yan ƙasa a 2013, amma tun kafin ya fito neman shugabancin ƙasa a zaɓen 2016 sai ya ja da baya. Zuciya dai Allah ne masaninta. Mu zahiri muke kamawa.

Idan ya fito ya ce a da na faɗi kaza, yanzu na ga kaza, ga dalilina, to ya fita haƙƙinku. Idan kuwa a gaban baƙi maganarsa daban, a gaban 'yan gari daban, ya shiga hadisin da Annabi (SAW) ya sa mai fuska biyu cikin mafi sharrin mutane. Wannan munafuncin aiki ne, ba ya fitar da mutum daga Musulunci, don haka ka kiyaye harshenka daga kafirta shi.

Akwai kuma batun alkawari, kuma a nan mazhabarmu ta Malikiyya ta fi tsanantawa. Mashhurin zance shi ne idan ka yi wa mutum alkawari, ya shiga wani lamari saboda alkawarin, cikawa ta zama wajibi. Kun ba shi ƙuri'a a kan abin da ya faɗa, ya ci moriyarta. Ba zai wayi gari ya yar da alkawarin shiru ba.

Koken gonaki da itace gaskiya ne, ban raina shi ba. Tun da aka buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Minawao kusa da Mokolo a 2013 mutanen kewayen suke ɗauke da nauyi mai yawa, kuma hukuma tana da ikon tsara shiga da rajista da wurin zama. Abin da shari'a ba ta yarda da shi ba shi ne tilasta wa mai neman mafaka komawa inda yake tsoron a kashe shi. A Suratut Tauba, aya ta 6, Allah ya umarci a ba mushriki mafaka idan ya nema, a kuma kai shi wurin amincinsa. To ina ga matar da ta tsallako daga Gwoza da goyo? Zuciyata tana ƙuna idan na ji ana farautar ƙuri'a da hawayen irin waɗannan.

Ƙuri'a shaida ce. Ku same shi a taro, ku tambaye shi cikin ladabi. Idan manufarsa tsari ne da komawa bisa son rai, ba laifi ka zaɓe shi. Idan korar dole ce, kada ka ba shi, sai in duk sauran sun fi shi cutarwa, sannan a ɗauki mafi sauƙin sharri biyu. Wallahu a'alam.